Budapest, Prag, Viyana da Bratislava cikin mako guda: jagora ga ɗalibin da ke karatu a Hangari

Ɗalibin da ya sami hutun mako guda a tsakiyar zangon karatu yakan so ya cusa Turai gaba ɗaya a cikinsa, saboda ya ga tikitin jirgin sama na Yuro 20 zuwa Roma da wani zuwa Paris. Wannan lissafin yana da ɓoyayyen kuɗi. Ƙananan kamfanonin jiragen sama ba sa barin ka shiga da komai kyauta sai 'yar jakar da ba ta wuce santimita 40 da 30 da 20 ba, filayen da suke sauka suna nesa da gari, kuma kowane tashi yana cin rabin yini. Ga wanda yake Budapest, Debrecen, Szeged ko Pécs, tafiyar da ta fi riba ita ce ta jirgin ƙasa: masauki biyu kacal, kwana uku a Prag, kwana uku a Viyana, da yini guda a Bratislava ba tare da ɗaukar kaya ba.

Takardu kafin komai

Katin izinin zama da hukumar shige da fice ta Hangari ta ba ka yana ba ka damar shiga sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, har kwana 90 a cikin kowane kwana 180, ba sai da wata biza ba. Cek da Ostiriya da Silobakiya duk suna ciki. Birtaniya da Ayaland da Sabiya ba sa ciki, kada araha ta ja ka can.

Katin shi kaɗai ba takardar tafiya ba ne. Dole ka riƙe fasfo ɗinka na ainihi tare da shi, hoton da ke cikin waya ba ya wadatarwa. Mutane da yawa suna ɗauka tunda babu shinge a kan iyaka, babu mai tambaya. Ostiriya tana binciken iyakarta da Hangari tun 2015, kuma 'yan sanda suna hawa jirgi ko su tsayar da bas a duk ƙasashen nan huɗu idan sun ga dama. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, baƙar fata ya fi saurin jawo tambaya. Ka miƙa fasfo da kati tare, ka faɗi inda kake karatu da ranar komawarka, magana ta ƙare cikin minti guda.

Inda ake faɗawa rami shi ne lokacin sabunta kati. Idan katinka ya ƙare kana jiran sabo, takardar wucin gadi da aka ba ka tana halatta zamanka a cikin Hangari ne kawai. Kada ka tsallaka iyaka da ita. Haka wanda ya shigo da bizar karɓar kati bai riga ya karɓi katin ba: ya haƙura sai katin ya shigo hannu. Duba ranar ƙarewar katin da ta fasfo kafin ka biya ko sisi.

Sai lafiya. Idan kana da lambar TAJ ta inshorar lafiyar gwamnatin Hangari, kamar masu tallafin karatu na Stipendium Hungaricum, je ofishin gwamnati na gundumarku ka karɓi katin lafiya na Turai, shuɗin nan, kyauta ne, kuma da shi asibitin gwamnati a Prag ko Viyana zai duba ka in larura ta taso. Idan inshorarka ta kamfani ce, karanta takardar ka ga ko tana aiki a wajen Hangari, domin da yawa ba sa yi. Lambar gaggawa ɗaya ce ko'ina: 112.

Dalilin da ya sa za a fara da Prag

Tsarin shi ne: tashi Asabar daga Budapest zuwa Prag, kwana Asabar da Lahadi da Litinin a can, Talata a wuce Viyana, Laraba yawon Viyana, Alhamis Bratislava a dawo da yamma, Juma'a a koma Budapest.

Ba haka kawai aka jera su ba. Budapest zuwa Prag kusan awa 7 ce, ita ce doguwar tafiya, gara a yi ta da sauran ƙarfi. Prag zuwa Viyana awa 4. Viyana zuwa Budapest awa 2 da minti 40, kuma jirage suna tashi kusan kowace awa, don haka ko ka rasa ɗaya a ranar ƙarshe ba za ka kwana a tasha ba. Na biyu, ranar Lahadi shaguna a Ostiriya a rufe suke, sai 'yan kantunan manyan tashoshi da ake cika maƙil, alhali a Prag kantuna suna buɗe. Na uku, Juma'a za ta same ka a Viyana, inda babban masallaci yake. Kuma ka bar wa kanka Asabar da Lahadi na hutawa da wanki kafin laccar Litinin. Kada ka ci ranar aji: a yawancin darussan da ake ɗaukar suna, fashi fiye da uku yana hana ka sa hannun malami a Neptun, shafin rajistar ɗalibai na jami'a, babu sa hannu babu jarrabawa.

Sayen tikiti

Fara mako uku zuwa huɗu kafin tafiya. Jirgi ɗaya kamfanoni biyu ko uku ne suke sayar da kujerunsa, kowanne da farashinsa. Na Budapest zuwa Prag duba MÁV, kamfanin jirgin ƙasa na Hangari, da České dráhy na Cek. Na Prag zuwa Viyana duba České dráhy da ÖBB na Ostiriya, sannan RegioJet, kamfani mai zaman kansa da ke da nasa jiragen masu launin rawaya. Na Viyana zuwa Budapest duba ÖBB da MÁV. Wanda ya saya da wuri yakan sami kowane zango tsakanin Yuro 15 zuwa 30. Wanda ya bari sai ranar tafiya zai iya biyan ninki biyu ko uku.

Tikitin araha, wanda ÖBB ke kira Sparschiene, ɗaure yake da jirgi guda, rana guda, sa'a guda. Ka makara, ya ƙone. Ka hau wani jirgin da shi, mai duba tikiti zai ɗauke ka tamkar ba ka da komai. Ƙara 'yan Yuro ka kama kujera, musamman a zangon awa 7, in ba haka ba za ka iya tsayuwa a lungun ƙofa tun daga Bratislava har Brno.

Mutane suna tambayar Interrail, tikitin da ke ba ka damar hawa jiragen ƙasa a faɗin Turai na wasu kwanaki. Kana da haƙƙin sayensa tunda mazaunin Turai ne kai, kuma akwai farashin matasa ga wanda bai kai shekara 28 ba, amma na kwana huɗu ya haura Yuro 200. A wannan hanyar tikiti ɗai-ɗai sun fi shi araha nesa ba kusa ba. FlixBus kuma yana da amfani idan jirgi ya yi tsada, sai dai ka san tashoshinsa daban ne: Népliget a Budapest, Florenc a Prag, Erdberg a Viyana, Nivy a Bratislava.

Ga wanda zai taso daga wani gari, a nan ake yawan asara. Tikitin wata na ƙasa baki ɗaya, országbérlet, forint 1,890 ne ga mai katin ɗalibi na Hangari, yana kawo ka Budapest, sai kuɗin kujera idan jirgin InterCity mai sauri ne. Amma shi da tikitin Prag yarjejeniya biyu ce daban. Idan jirgin Debrecen ya makara ka rasa na Prag, babu wanda zai biya ka. Bar aƙalla awa ɗaya da rabi a tsakani, ko ka kwana Budapest daren Juma'a wajen wani ɗan uwa. Sannan karanta sunan tasha a jikin tikitin: jiragen Prag na EuroCity daga Nyugati suke tashi, na Viyana kuma Keleti suke sauka, RegioJet yana da tasa tashar. Budapest tana da manyan tashoshi fiye da ɗaya, kuma tsakaninsu tafiya ce ta metro.

A allon tasha ba za ka ga sunan da ka saba ji ba. Viyana ita ce Wien a Jamusanci, Bécs a harshen Hangari, Vídeň a na Cek. Prag ita ce Praha. Bratislava a bakin 'yan Hangari Pozsony ce. Bi lambar jirgin da sa'arsa, su ba sa canjawa. Ka kuma duba lambar taragonka a jikin ƙofa kafin ka hau, domin wasu jiragen ana raba su a hanya, wasu taragu su nufi wata ƙasar. A babbar tashar Prag ba a nuna dandamalin jirgi sai saura kamar minti 15, shi ya sa za ka ga jama'a sun yi cirko-cirko a gaban allo. Tsaya tare da su da jakarka a baya.

Masauki da kuɗi

Gidan kwanan matafiya mai gadaje shida ko takwas a ɗaki shi ne daidai aljihun ɗalibi. Ware Yuro 20 zuwa 35 kowane dare, Viyana ta fi tsada. Akwai ɗakunan mata zalla, ki zaɓe su tun wajen biya, domin suna saurin ƙarewa. Abu uku za a duba: ko akwai kicin, ko akwai akwatin ajiya mai kullewa, ko ana karɓar baƙi da dare. Zaɓi wanda za a iya sokewa kyauta ko da ya ɗara da Yuro biyu. Ana karɓar ɗaki da misalin ƙarfe 2 ko 3 na rana, a fita ƙarfe 10 ko 11 na safe, kuma yawancinsu suna ajiye maka jaka kafin ko bayan wannan lokaci. Za a nemi fasfo a teburin karɓar baƙi, doka ce. Prag tana karɓar harajin baƙi koruna 50 kowane dare, sau da yawa ba ya cikin kuɗin da ka biya ta intanet.

Gaba ɗaya, da sufuri da kwana shida da abinci da shiga wurare biyu ko uku, ka tanadi Yuro 350 zuwa 450, da wata 50 a gefe wadda ba a taɓawa. Alawus ɗin Stipendium na mai digiri na farko ko na biyu forint 43,700 ne a wata, wato Yuro ɗari da 'yan kai, saboda haka wannan tafiya ce da ake tara wa kuɗi tun farkon zango.

Kuɗi iri uku za ka taɓa: forint a Hangari, koruna a Cek, Yuro a Ostiriya da Silobakiya. Yuro ɗaya kusan koruna 25 ne. Katin banki yana biya kusan ko'ina. Duk lokacin da na'urar biya ko ta cirar kuɗi ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye a ciki. Idan ka yarda ta juya maka zuwa forint, da nata farashin za ta juya, kuma ba ya da daɗi. Ciri kuɗi a na'urar da ke jikin banki, ka guji waɗanda ke tsaye a bakin shagunan tsaraba. Koruna 500 a hannu ta isa. Wanda ya tare ka a titin Prag yana cewa zai yi maka canji mai kyau, wuce abinka, tsofaffin takardun wata ƙasa da ba sa aiki ake damƙa wa mutane. Idan a shagon canji ne aka cuce ka, dokar Cek tun 2019 ta ba ka awa 3 ka koma da rasit a soke cinikin, har zuwa Yuro 1,000. Karɓi rasit koyaushe.

Layin wayarka na Hangari zai yi aiki a ƙasashen uku ba ƙarin kuɗi, ƙa'idar Tarayyar Turai ce tun 2017, amma ka tabbata an buɗe maka yawo da layin kuma ka san iyakar datar da aka yarje maka a waje.

Abin da ke shiga jaka

Jakar goyo ɗaya, kaya na kwana huɗu, a yi wanki sau ɗaya. Takalmin da ka riga ka saba da shi, domin titunan tsohon garin Prag duwatsu ne jere, sabon takalmi zai fasa maka ƙafa tun ranar farko. Ƙaramin kwaɗo na akwatin masauki, tawul, silifas na wanka, abin toshe kunne, batirin cajin waya, siririyar sallaya. Ɗauki robar ruwa biyu: babba ta sha, ƙarama ta lita rabi ta zama buta, tunda bayin can takarda kawai ake ajiyewa. Riƙe 'yan sulalla, bayin tasha ana biyan kusan rabin Yuro zuwa Yuro ɗaya. Ruwan famfo ana sha a duk biranen, na Viyana ma daga duwatsun Alps ake janyo shi tun 1873. Fasfo da kati su zauna a aljihun ciki, kwafinsu a jaka, hotonsu a imel.

Cikin gari: tarkon da babu ƙofa

A Prag da Viyana babu shingen da zai hana ka shiga metro ko taram ba tikiti. Masu dubawa suna yawo cikin kayan gida, sai jirgi ya tashi su fito da shaida. Tarar Viyana ta haura Yuro 100, ta Prag ba ta gaza koruna 1,000 ba, kuma "ni baƙo ne" ba ta ceto. Tikitin takarda ba ya aiki sai ka zura shi a 'yar na'urar buga lokaci, rawaya a Prag, shuɗiya a Viyana, sau ɗaya tak a farkon tafiya. Buga shi sau biyu yana lalata shi. Idan ta manhaja ka saya, PID Lítačka a Prag ko WienMobil a Viyana, kunna shi kafin ka hau, domin na Prag sai ya ɗan jira kafin ya fara aiki. Kada ka sayi tikitin rabin kuɗi da sunan kai ɗalibi ne, katin makarantarka na Hangari ba ya ba ka wannan rangwamen a can. A gidajen tarihi ne katin ɗalibi, musamman ISIC na ƙasa da ƙasa, yake rage kuɗi. Prag tana da tikitin awa 72 wanda ya yi daidai da kwana ukunka.

Yadda za a raba kwanakin

Lahadi, sammako zuwa gadar Charles, wadda aka fara ginawa a 1357. Kafin ƙarfe 8 za ka iya tsayawa ka kalli kogin Vltava, bayan 10 sai turereniya, kuma a cikin turereniyar ne masu yankan aljihu suke aiki, haka a gaban agogon dandalin tsohon gari, wanda yake bugawa tun 1410. Hau taram mai lamba 22 zuwa saman fadar Prag ka gangaro da ƙafa, ya fi ka hau tudun. Harabar fadar kyauta ce, shiga gine-ginen ne ake biya. Litinin gidajen tarihi da yawa a rufe suke, sai ka ba ta Vyšehrad da tudun Letná, duka kyauta. Idan hutun ya faɗo ƙarshen Oktoba, a Lahadin ƙarshe ta watan ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma 28 ga wata ranar hutun ƙasa ce a Cek, manyan kantuna ba sa buɗewa.

A Viyana lambun fadar Schönbrunn kyauta ne, layin U4 yana kai ka. Baje kolin dindindin na Wien Museum da ke Karlsplatz shi ma kyauta ne tun da aka sake buɗe shi a ƙarshen 2023. Idan wuri ɗaya za ka biya, ɗan Najeriya ya shiga Weltmuseum a harabar Hofburg ya ga tagullan Benin, daga cikin kayan da suka watsu a Turai bayan harin sojan Birtaniya na 1897. Mai son tarihin yaƙi ya je gidan tarihin soja kusa da babbar tasha, akwai kayan Daular Usmaniyya na lokacin da ta yi wa Viyana ƙawanya a 1683 da motar da aka harbe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya, a cikinta a Sarajevo a 1914.

Bratislava awa ɗaya ce. Nemi Bratislava-Ticket na ÖBB, na zuwa da dawowa ne kuma ya haɗa da motocin cikin garin a ranar farko. Jiragen suna sauka a ɗaya daga tashoshi biyu, hlavná stanica ko Petržalka da ke tsallaken kogin Danube, ka lura da wadda za ka komo ta cikinta. Tsohon garin da fadar ba sa wuce awa huɗu. Fasfo da kati su bi ka, wata ƙasa ce.

Abinci da salla

Naman alade shi ne naman yau da kullum a yankin nan, kuma kitsensa yana shiga miya da burodi da suya. Haddace kalmomin: vepřové da sádlo da šunka a Cek, Schwein da Schmalz da Schinken da Speck a Ostiriya, bravčové a Silobakiya. Schnitzel mai araha yawanci na alade ne. A Viyana abincin halal ba wahala, unguwar Favoriten da ke bayan babbar tasha da kasuwar Brunnenmarkt a Ottakring cike suke da shagunan Turkawa da Larabawa. A Prag ya fi ƙaranci, sai wuraren kebab da na Indiyawa, ka tambaya kafin ka ci. Hanya mafi sauƙi ga aljihu ita ce karin safe da na dare daga Lidl ko Billa a kicin ɗin masauki, a ci na rana a waje.

Alƙibla a nan kudu maso gabas take, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas sak. Tafiyar ta wuce nisan kasaru, kuma zamanka a kowane gari bai kai kwana huɗu cikakku ba, don haka a mazhabar Malikiyya kana da sauƙin yin kasaru. A ƙarshen kaka rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, Azahar da La'asar da Magariba suna matsowa kusa da juna, ka tsara yawonka da sanin haka. Masallacin Prag yana wajen Černý Most, ƙarshen layin metro B. Silobakiya ba ta da masallaci a hukumance, sai ɗakin salla na al'umma, shi ya sa sallayar take cikin jaka. Ga mai sa niƙabi: Ostiriya ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun Oktoban 2017, tarar tana kai Yuro 150. Hijabi ba ya cikin wannan dokar.

Ranar Juma'a ka bar masauki da safe, ka ajiye jaka a can ko a akwatunan haya na babbar tasha, ka hau U6 zuwa Neue Donau. Cibiyar Musulunci ta Viyana, wadda aka buɗe a 1979, tana 'yar tafiya kaɗan daga tashar. Je da wuri, ana cika. Kada ka sayi jirgin da zai tashi kafin ƙarfe 4 na yamma, domin daga masallaci zuwa ɗauko jaka zuwa dandamali zai ci maka fiye da awa ɗaya.

Idan abu ya lalace

Jirgi ya makara da minti 60 zuwa 119, dokar Tarayyar Turai ta ba ka kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, daga minti 120 kuma rabi. Ana nema a shafin kamfanin da ya sayar maka, don haka kada ka goge tikitin da saukarka. Idan fasfo ya ɓace, fara da ofishin 'yan sanda mafi kusa ka karɓi takardar rahoto, sannan ofishin jakadancin ƙasarka. Najeriya tana da shi a Viyana da Budapest. Idan katin zama ne ya ɓace, rahoton 'yan sanda dai, sai ka tuntuɓi ofishin jakadancin Hangari a garin da kake kafin ka hau jirgi, kuma da isarka ka kai rahoto hukumar shige da fice don a yi maka sabo. Katin banki kuwa a toshe shi nan take ta manhaja, a nan ne Yuro 50 ɗin da aka ɓoye daban za ta yi aikinta.

Da ka sauka Keleti daren Juma'a, mai wucewa Debrecen ko Szeged zai koma Nyugati: layin M2 zuwa Deák Ferenc tér, sannan M3. Duba sa'ar jirgin ƙarshe na garinku tun kafin ka zaɓi wanda za ka hau daga Viyana.